Kafin a sayi gurup a fara cika bido

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da kai da ma'aikatanka. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana magidanta na Yamai.

Mu nan duk wanda ya ji an ce yankewar kuran (wutar lantarki), hankalinshi gurup (janareta) da panno (faifan sola) da batir yake tafiya, ni ko ina ganin ruwa ne abin tsoro. Injinan da ke turo ruwa daga tashar tace ruwa ta Gudel zuwa shato (manyan tankunan ruwa na sama) da kuran suke aiki, in wuta ta jima ba ta dawo ba pampo ma shiru yake yi, kuma unguwannin tudu su ke fara ji a jika. Kowa ya gani a Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse layin da ke zo mana ta Birnin Kebbi, wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan a lokacin daga can yake, sai tashoshin wuta na cikin gida irin su Goru Banda aka bari da aiki ana raba wa unguwanni bi da bi, ba a maido layin ba sai Maris 2024. Duhu ana haƙuri da shi, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a kwana. Amma gidan da ba ruwa ko alwala sai an yi shawara, ga 'yan garuwa sun ninka kuɗi kuma sai ka yi ta kiran su suna wuce ka.

Masu aikin agaji suna lissafa lita 15 ga mutum guda a rana, shi ne mafi ƙaranci. Gida mai mutum goma lita 150 ke nan, bido (jarka) shida na lita 25, a rana ɗaya fa! To a duba bido nawa ke cike a gida yanzu haka. Kuma ajiyar ma da iyawa, bidon da aka zuba mai ko maganin gona ba na ruwan sha ba ne ko an wanke shi sau nawa, randa a rufe ta, moɗa guda a rataye a sama ba kowane yaro ya tsoma kofinshi da hannunshi ba, a riƙa juya ruwan ana sabuntawa kar ya yi gansakuka. In an koma ruwan rijiya ko na kogi a tafasa ko a sa ƙwayar tace ruwa, kwalara bayan ambaliya take bi.

Ambaliyar kuma ba baƙuwa ba ce. A Satumban 2020 kogin Isa ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi daga 620 yake farawa, ruwa ya fasa shinge ya shiga Lamorde da Kirkisoi da Saga. A Agustan 2024 kuma ambaliya ta yanke hanyar Doso har esansi (man fetur) ya yi wuya cikin gari. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne takardu, ka ga dattijo ya shanya takardar fili da takardun haihuwar yara bisa katanga tawada duk ta narke. Leda mai kauri ta dala kaɗan ta isa, a haɗa su da katin ɗan ƙasa da maganin mai hawan jini ko ciwon suga a rataye sama kusa da ƙofa, a ɗauki hotonsu a waya. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, yara ma su haddace.

Shara a kwalbati kuwa mu muke zubawa, ba sai na tsawaita ba.

Roƙona gare ku Malam Edita, daga Yuli zuwa Satumba ku riƙa buga tsawon ruwan kogi a shafin farko da Hausa, da sunayen unguwannin da ya kamata su tattara kaya, don sanarwar da Faransanci take fitowa kuma mutanen bakin kogi da yawa ba sa jin ta.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karatunku daga Talaje, Yamai