Hoton duniya daga nisan kilomita biliyan 6

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili. Kwanan nan na ci karo da hoton da kumbon Voyager 1 na Amurka ya ɗauka ranar 14 ga Fabrairun 1990, wallahi sai da na ajiye waya na yi shiru. Daga nisan kusan kilomita biliyan 6 ya waiwayo ya ɗauki duniya, sai ga ta ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero a faifai, wai nan ne muke ta rigimar gona da kujera da wane ɗan gidan wane, duk a kan ɗigon nan fa!

Tun 1977 aka harba shi kuma har yau tafiya yake, saƙonsa ma sai ya shafe sama da awa 22 kafin ya iso, alhali da gudun haske yake zuwa. Subhanallah.

Abin da ya ɗan sosa min rai shi ne faifan zinaren da aka liƙa wa kumbon, mai ɗauke da muryoyin gaisuwa cikin harsuna 55, akwai Larabci akwai Farisanci amma babu ko "sannu" ɗaya ta Hausa. Ga shi kuwa lokacin da ɗan sama-jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya a 1962, hukumar binciken sararin samaniyar Amurka, NASA, na da tashar bibiyar kumbo a nan Kano, yaranmu nawa suka san wannan? Ku riƙa ware mana shafin kimiyyar sararin samaniya ko sau ɗaya a wata mana, siyasa ta ishe mu haka.

Naku,
Mai karatu daga Kano