A duba baiwar yaro kafin a ba shi jari

Edita,

Ina roƙon fili in yi kira ga iyaye su lura da abin da zuciyar yaro ke so kuma hannunsa ya iya kafin su danƙa masa jari. Da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma a Birnin Kebbi a 2015, mun tura ƙanena noman shinkafa don mun ga maƙwabta sun samu, alhali tun yana ƙarami shi ke kwance rediyon Baba ya gyara. Shekara biyu yana tafka asara a fadama, abin da har yau ke damuna. Yanzu yana gyaran waya a kasuwar Jega, kuma rumfarsa ba ta rabuwa da jama'a.

Naka,
Mai karatu daga Jega, Jihar Kebbi