Amsa ga mai tambaya kan auna aikin masanin taurari da yawan ambato

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Farfesa.

A zaman tattaunawar da aka yi a nan Jos ka jefo mana tambaya a gaban jama'a. Ka ce idan masanan taurari biyu suka zo neman ƙarin girma, ɗaya wasu masana sun ambaci maƙalunsa a cikin nasu rubuce-rubucen sau dubbai, ɗayan sau ɗaruruwa kaɗan, me zai hana kwamiti ya ba wa mai dubbai ya huta? Amsarmu ita ce a wannan fanni jimillar ambato kaɗai tana iya sa a zalunci mutum, domin aikin taurari a yau taron dangi ne.

Maƙalar da ƙungiyar masu bincike ta LIGO ta fitar a Fabrairun 2016, wadda ta sanar da gano girgizar sararin samaniya daga karon baƙaƙen ramuka biyu (wurare a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuta daga jansu), tana ɗauke da sunayen mutum sama da 1,000. Hoton baƙin ramin da ke tsakiyar tarin taurarin M87 na Afrilun 2019 aikin masana sama da 200 ne. Duk lokacin da aka ambaci irin wannan maƙala, kowane suna da ke kanta yana samun ambaton cikakke, da wanda ya yi shekara goma yana haɗa na'ura da wanda ya shigo jiya. A irin waɗannan ƙungiyoyi sau da yawa bisa jerin haruffa ake rubuta sunaye, shi ya sa ake kiran maƙalar LIGO da sunan Abbott, wanda ya zo farko a jerin. Da akwai Abubakar a ciki da yana can sama, Zakari yana can ƙasa, ba don wani ya fi wani aiki ba.

Saboda haka a fara da rumbun da ya dace. Masanan taurari da ADS suke aiki, rumbun maƙalu na intanet da cibiyar Smithsonian ta Amurka ke gudanarwa da tallafin NASA, kuma kyauta ne. Google Scholar yakan haɗa da kundayen digiri, wani lokaci ya ƙirga maƙala ɗaya sau biyu, sai adadi ya kumbura. A nemi mai neman girman ya kawo lambarsa ta ORCID mai alamomi 16, wadda ke bambanta kowane mai bincike da sauran, kada a yi bincike da suna zalla. Wannan ya fi damun mutanenmu. M. Abubakar ba ɗaya ba ne a duniya, kuma mutum guda yana iya fitowa da Muhammad a wata mujalla, Mohammed a wata, sai ko dai a lafta masa aikin wasu ko a raba nasa gida biyu.

Idan jerin ya fito, a ware maƙalun da masana suka tantance kafin bugawa, a cire ambaton da mutum ya yi wa kansa. ADS yana nuna duka biyun. Sannan a raba jerin kashi biyu: maƙalun da marubutansu ba su wuce goma ba, da na manyan ƙungiyoyi. A kashi na farko jerin sunaye yana da ma'ana, na farko galibi shi ne ya ɗauki nauyin aikin. Idan aka sa alamar ^ a gaban suna wurin nema a ADS, maƙalun da shi ne na farko kaɗai za su fito.

A kashi na biyu a duba ambaton da aka raba da yawan marubuta. A ƙaddara maƙala mai ambato 3,000 da marubuta 1,000, rabon kowa 3. Wata mai ambato 60 da marubuta biyu, rabon kowa 30. To amma shi ma rabon yana da illa, domin yana daidaita jagoran aikin da ɗan rakiya. Maganinsa wasiƙa daga shugaban ƙungiyar da ke fayyace abin da mutumin ya yi: shi ya rubuta manhajar tace bayanai, ko ya daidaita na'ura, ko ya jagoranci ƙaramin kwamiti? Jocelyn Bell ita ta fara ganin alamar tauraro mai bugun zuciya (pulsar, mai aiko da siginar rediyo a kai a kai) a 1967, amma sunanta ne na biyu cikin biyar a maƙalar 1968, kuma kyautar Nobel ta 1974 da aka ba wa shugabanta kan wannan binciken ba ta haɗa da ita ba. Wannan yana ci mana rai, domin ɗalibanmu ne suka fi faɗawa irin wannan hali.

Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 ba ya warware matsalar. Idan aka ce h na mutum 12 ne, yana da maƙalu 12 da kowacce aka ambata aƙalla sau 12. Ba ya raguwa ko da mutum ya daina aiki, ba ruwansa da yawan marubuta, kuma yana fifita wanda ya daɗe. Ambato kan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ya taru, don haka wanda ya kammala digirin dakta bara ba a auna shi da wanda ya shekara ashirin. Haka mai nazarin asalin duniya yana cikin kasuwa mai cunkoso, mai nazarin wani rukunin taurari kuwa masu karanta shi kaɗan ne. A kwatanta kowa da tsararsa a reshensa. Darajar mujalla kuma ba darajar maƙala ba ce, abin da sanarwar DORA ta 2012 kan yadda ake auna aikin bincike ta ja kunne a kai ke nan.

Akwai abin da ba ya fitowa a ƙidaya sam. Lokacin aiki da manyan na'urorin hangen nesa, irin su MeerKAT ta Afirka ta Kudu mai faifai 64, da gasa ake samunsa. Wanda ya jagoranci takardar nema har aka ba shi sa'o'i, masana ne suka tantance tunaninsa tun kafin a buga komai. A tambaye shi wannan, da ɗaliban da ya yaye, da manhaja ko bayanan da wasu ke amfani da su.

Daga nan sai mai neman girman ya zaɓi maƙalu biyar da ya fi alfahari da su, ya rubuta sakin layi ɗaya kan rawar da ya taka a kowacce, a aika wa masana biyu na reshensa waɗanda ba su taɓa buga maƙala tare da shi ba.

Wassalam,
Daga wasu malaman kimiyyar sararin samaniya, Jos.