Sanarwa kan sabunta firmware na sabar Dell PowerEdge

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu kula da PowerEdge, wajen sabunta firmware (manhajar da ke cikin sassan na'ura), a fara da iDRAC (na'urar kula da saba daga nesa) kafin BIOS (manhajar da ke tayar da saba). Na iDRAC ba ya buƙatar kashe saba, amma na BIOS sai an sake kunna ta, don haka a bari sai dare bayan an tashi aiki. A adana saituna tukuna, a kuma tabbatar batirin UPS (na'urar ajiyar wuta) cike yake, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta BIOS, saba na iya ƙin tashi.

In sabon firmware ya kawo matsala, a danna F10 lokacin da take tashi, a shiga Lifecycle Controller (manhajar Dell ta sarrafa saba), a buɗe Firmware Update, a zaɓi Firmware Rollback don komawa tsohuwar siga. Sigar baya guda ɗaya tak yake ajiyewa, firmware na CPLD (wani chip da ke kan allon saba) kuwa ba ya komawa baya. Don Allah a gwada a saba ɗaya kafin sauran.