Wasiƙar godiya ga kwamitin TC39 mai kula da harshen JavaScript

Zuwa ga shugabanni da mambobin kwamitin TC39,
Ƙungiyar Ecma International,
Jeniba, ƙasar Suwizalan.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Bayan gaisuwa, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne domin in gode muku kan hidimar da kuke yi wa harshen JavaScript, musamman yadda kuke ɗauko ƙananan kayan aikin da mai rubuta manhaja ke nema kullum, kuna sanya su cikin harshen kansa. Sana'ata gina shafukan intanet ce, kuma rana ba ta fitowa ta faɗi ban taɓa wani abu da ya bi ta hannunku ba. Yawancinmu sunan burauza kawai muka sani, Chrome ko Firefox ko Safari. Kaɗan ne suka san da kwamitin da ke zama kusan duk bayan wata biyu yana tsefe ƙa'idar da waɗannan burauzoji duka suke bi. Yaba kyauta tukuici ne, nawa ke nan.

Wanda ya shigo sana'ar nan kwanan nan ba zai san irin talaucin da harshen ya taso a ciki ba. Brendan Eich ya ƙirƙire shi a kamfanin Netscape a 1995 cikin kwana goma ko makamancin haka, aka rubuta ƙa'idarsa ta farko a 1997. Shekaru da dama bayan nan, abu mai sauƙi kamar share sararin da ke farko da ƙarshen rubutu, ko tace jerin bayanai, sai mutum ya rubuta nasa da hannu idan yana son ya yi aiki a kowace burauza. Kowane aiki da nasa fayil ɗin tarkacen taimako, kowane fayil da nasa kurakuran. Har sai bugu na 5 na ƙa'idar, a ƙarshen 2009, umarnan irin waɗannan ayyuka, wato trim da map da filter da reduce, suka samu gindin zama a hukumance.

Masu sana'a dai ba su zauna jira ba, sun bi hanya biyu. Laburare, wato tarin umarnan da wasu suka rubuta don kowa ya ɗauka ya yi aiki da su, irin su Prototype na 2005 da MooTools na 2006 suka riƙa liƙa sababbin umarni kai tsaye a jikin Array da String na asali, wato jeri da rubutu na harshen, ta yadda mai aiki zai kira su kamar da su aka haifi harshen. Underscore, wanda Jeremy Ashkenas ya fitar a 2009, da Lodash na John-David Dalton a 2012, suka ajiye nasu a gefe, ba su taɓa jikin harshen ba. Dukansu sun yi mana rana, ba kuma zan manta alherinsu ba. Sai dai komai da kuɗinsa. Duk laburaren da na ɗora wa shafi, mai ziyara ne zai sauko da shi da datarsa, wayarsa ce za ta karanta shi kafin ya ga abin da ya zo nema. Mai ƙaramar waya da raunin sabis shi ya fi jin wannan nauyi, alhali bai ma san da zamansa ba.

Akwai kuma hatsarin dogaro da kayan aro. A watan Maris na 2016 mai wani ɗan kunshi da ake kira left-pad ya janye shi daga npm, rumbun da masu rubuta JavaScript ke ajiye kayan aiki don kowa ya ɗauka. Layi 11 ne kacal, aikinsa cike gefen hagu na rubutu, kamar mayar da 7 ta zama 007. Amma da yake manyan ayyuka irin su Babel, mai fassara sabon JavaScript zuwa wanda tsofaffin burauzoji ke ganewa, sun rataya a kansa ta hanyar wasu kunshin, sai harhaɗa manhajoji masu ɗimbin yawa ya tsaya cak a faɗin duniya. Dama kuna kan aikin padStart da padEnd a lokacin, suka kuma fito a bugun 2017. Yanzu ba mai buƙatar roƙon kowa don ya cike sifili a gaban lamba.

Tun da kuka koma fitar da sabon bugu kowace shekara daga 2015, na riƙa goge tsofaffin layukana ɗaya bayan ɗaya cikin farin ciki. Da, in ina son sanin ko abu yana cikin jeri, sai in tambayi indexOf sannan in duba ko amsar ba -1 ba ce. Includes na 2016 yana amsa e ko a'a kai tsaye, har yana gano NaN, alamar abin da ba lamba ba, wanda indexOf ba ya iya gani. Alamar ?. ta 2020 ta raba ni da dogayen sharuɗɗan duba ko bayani yana nan kafin a leƙa cikinsa. ReplaceAll, mai sauya kalma a duk inda ta fito cikin rubutu, ya zo a 2021, at a 2022 don ɗauko na ƙarshen jeri ba tare da lissafi ba. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne toSorted na 2023. Tsohon sort yana birkita jerin asali a wurin da yake, kuma mutane da yawa sun kwana neman dalilin da bayanansu suka sauya tsari ba su sani ba. Sabon yana ba ka kwafi a jere, ya bar maka na asali yadda ka ajiye shi.

Amma babban dalilin wannan takarda bai tsaya ga yawan abin da kuka ƙara ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin tsantsenin da kuke yi kada sabon abu ya rusa tsohon shafi.

Labarin 2018 shi ne shaidata. An amince da wani umarni mai baje jerin da ke cikin jeri ya zama guda ɗaya, aka sa masa suna flatten, sunan da kowa ya saba da shi daga laburare. Da aka gwada shi a Firefox na gwaji, sai aka ga wasu shafuka masu tsohon MooTools sun lalace. Dalilin yana da zurfi. MooTools yana ɗora nasa flatten a jikin Array, sannan ya bi umarnan da ake iya lissafowa ya kwafe su zuwa wani ɓangare nasa mai suna Elements. Umarnan da harshe ya zo da su kuwa ɓoyayyu ne ga irin wannan lissafi. Da zarar burauza ta riga ta kawo nata flatten, ko MooTools ya rubuta nasa a kai, ɓoyuwar tana nan, sai kwafin ya tsallake shi, shafi ya nemi umarnin ya rasa. Masu waɗannan shafuka ba su yi laifin komai ba. Wasunsu sun biya an gina musu shekaru da suka wuce, maginin ya kama gabansa, ba wanda zai dawo ya gyara.

An yi ta ce-ce-ku-ce, musamman bayan wani ya kawo sunan smoosh cikin raha, jama'a suka ɗauka da gaske ne. Da yawa sun ce a bar tsofaffin shafukan su mutu, wanda bai sabunta ba shi ya so. Ku kuka ƙi. A zamanku na watan Mayu kuka sauya sunan zuwa flat, ya fito a bugun 2019, shafukan nan suka ci gaba da aiki, masu su ba su ma san an yi ba. Ba wannan ne karo na farko ba, don includes ma da contains aka fara kiransa, irin wannan karo da MooTools ya sa aka sauya. Ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Umarnin rarraba bayanai rukuni-rukuni ya ci karo da laburaren Sugar a sunansa na farko, aka gwada wani suna shi ma ya taɓa wasu shafuka, daga ƙarshe kuka ɗauke shi daga jikin Array gaba ɗaya, ya fito a 2024 a matsayin Object.groupBy da Map.groupBy. Shekaru aka kwashe a kan umarni guda, saboda mutanen da ba za su taɓa jin sunan kwamitinku ba.

Na san abokan sana'a da ke ƙorafin kuna da jan ƙafa. Ni ban yarda da su ba. Mai laburare in ya yi kuskure, sai ya fitar da sabon zubi ya gyara, wanda yake so ya bi. Ku ba ku da wannan damar, domin abin da ya shiga harshe ya shiga ke nan, biliyoyin na'urori za su ɗauka, ba a kuma iya janye shi. Shi ya sa tsarinku na matakai ya burge ni. Shawara ba ta kai mataki na 4 sai an rubuta mata gwaje-gwaje a test262, wato tarin gwaje-gwajen ƙa'idar, kuma aƙalla injuna biyu masu gudanar da JavaScript sun gina ta ta yi aiki iri ɗaya. Wakilan Google da Mozilla da Apple da Microsoft, waɗanda kishiyoyin juna ne a kasuwa, a teburinku suke zama sai sun daidaita. Sannan ga shawarwarin da bayanan zamanku a buɗe a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Na sha shiga in karanta dalilin da ya sa aka zaɓi wata hanya aka bar wata, kuma na ƙaru da wannan karatu fiye da darussa da yawa.

A bugun 2025 kun ƙara wa Set, wato tarin da ba ya maimaita abu, umarnan haɗa tari biyu da fitar da abin da suka yi tarayya a kai da abin da suka bambanta, wato union da intersection da difference. Waɗannan ma na daɗe ina rubuta su da hannu a kowane sabon aiki, yanzu na huta.

Ina roƙon ku isar da godiyata ga editocin ƙa'idar, da masu rubuta gwaje-gwaje, da duk wanda ya ɗauki nauyin wata shawara ya yi ta kai da komo da ita daga zama zuwa zama har ta kai gaci. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku basira da haƙuri.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai gina shafukan intanet.