Kada a Raina Sadaukarwar Evans a Wasan Ces

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida mai farin jini domin mu kare wata buɗewa (motsin farko na wasan ces) da masu koyo ke yi wa kallon ganganci, wato sadaukarwar Evans: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Bc5 4.b4. (A wannan rubutu, harafi da lamba irin e4 sunan gida ne a allo; N doki ne, B bishof, Q sarauniya, in babu babban harafi soja ne; x na nufin ci, + barazana ga sarki; motsin Fari ke zuwa kafin na Baƙi.) Kyaftin William Evans, matuƙin jirgin ruwa ɗan Wales, ya buga ta da Alexander McDonnell, gwanin ces ɗan Ireland, a Landan a 1827, kuma da ita zakaran duniya Kasparov ya kayar da Anand, gwanin Indiya, a birnin Riga a 1995 cikin motsi 25.

Fari yana ba da soja ɗaya ne don ya sayi lokaci. Bayan 4...Bxb4 5.c3 dole bishof ɗin Baƙi ya ja da baya, sai d4 ya samu mai dafa masa, sarauniyar Fari ta samu hanyar b3, bishof ɗinsa na c1 kuma ta a3. Duk wannan shiri f7 ya nufa, gidan da sarkin Baƙi kaɗai ke tsaro.

Inda ake yin ɓarna shi ne motsi na shida. Bayan 5...Ba5 da yawa kan yi 6.O-O (motsa sarki da ruk tare) don su ɓoye sarki, sai Baƙi ya bi hanyar tsohon zakaran duniya Lasker: 6...d6 7.d4 Bb6. In Fari ya ce sai ya karɓo sojansa da 8.dxe5 dxe5 9.Qxd8+ Nxd8 10.Nxe5 Be6, to sarauniyoyi sun bar allo, farmaki ya mutu, sojojin a2 da c3 sun zama marayu. Maganin abin shi ne 6.d4 nan take. In Baƙi ya amsa da 6...d6, sai 7.Qb3 Qd7, ga sarauniyarsa ta toshe wa bishof na c8 hanya.

In kuma kwaɗayi ya ja Baƙi zuwa 6...exd4 7.O-O dxc3, ya ci sojoji uku ke nan, amma 8.Qb3 Qf6 9.e5 Qg6 10.Nxc3 Nge7 11.Ba3 zai bar shi da ruk na a8 da bishof na c8 ba su ko motsa ba. A nan Fari ya guji musayar sarauniya, ya kawo ruk ɗinsa d1 da e1, ya riƙa yin barazana a kowane motsi, domin har yanzu Baƙi ya fi shi da sojoji biyu.

Wassalam,
Wasu masu koyar da wasan ces