Intanet ya bi kwalta, ya bar ƙauye a baya

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da sauran ma'aikatan gidan rediyonku.

Ni mai sayar da aya da wake ne a babbar kasuwar Maradi, amma cibiyata tana binne a wani ƙauye cikin gundumar Mayahi, kuma tsohuwata da ƙannena suna can har yau. Duk lokacin da na ji ana yabon intanet mai gudu da ya shigo ƙasa, sai in tuna da tudun da ke bayan rijiyar garinmu.

Gawo guda ne a kan tudun nan, kuma nan kaɗai rezo ke leƙowa. Bayan la'asar za ka tarar da samari sun jeru a gindinsa, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Wani yana so ya aika saƙon murya ga yayansa da ke cirani a Libiya, saƙon ya yi ta juyi har a kira magariba bai tafi ba. Matan aure kuwa ba su zuwa can, sai dai su ba yaro waya ya hau musu. Bara ɗan ƙanena ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, aka ce a cike takardun neman makaranta ta intanet. Sau uku yana hawan kabu-kabu zuwa Mayahi, kuɗin mashin ya fi na aikin kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne farashi. Megan da nake saye a Maradi in kalli abin da na ga dama, shi ƙanena yake saye a kan kuɗi ɗaya, wa'adinsa ya ƙare bai ci ko rabi ba. Da ni ne na auna wa mutum rabin tiya na karɓi kuɗin cikakkiya, da tuni an kai ni gaban sarkin kasuwa.

Wayar nan ta fibar da ake binnewa a ƙasa ta biyo babbar hanya tun daga Yamai, ta ratsa Dosso da Konni, ta wuce ta Maradi zuwa Damagaram. Wanda ke bakin kwalta ya dace. Ka saki kwalta ka nufi Dakoro ko Bermo, ko ka kutsa ƙauyukan Gazawa, sai labari ya sha bamban. Alhali fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan Nijar a karkara suke, kuma su ke noma ayar da nake sayarwa. Manomin da bai ji farashin Maradi ba, abin da dillali ya yanka masa shi zai karɓa. Ban cire kaina cikin masu cin wannan moriya ba, amma gaskiya ɗaya ce.

Na san kamfani riba yake bi, ba ya kafa ƙarfen rezo inda ba zai mai da kuɗinsa ba. To ai saboda haka ne doka ta tanadi asusun da kamfanonin waya ke zuba wa wani kaso, don a kai sadarwa inda riba ba ta kai ba. A 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin haɗa ƙauyuka da intanet, wanda ANSI, hukumar gwamnati mai lura da bunƙasa fasahar sadarwa, ke kula da shi. Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan'adam, shi ma ya fara aiki a ƙasar nan a 2025, sai dai kuɗin kayansa ya fi ƙarfin mai rumbu guda. Amma in aka sa guda a gidan likita ko makarantar gari, da faifan sola saboda rashin wuta, ai unguwa duka za ta sha.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku gayyato mutanen ANSI da na hukumar ARCEP mai sa ido kan kamfanonin waya. Su karanto mana da Hausa sunayen ƙauyukan jihar Maradi da aka riga aka haɗa, da waɗanda ke kan layi, da ma'aunin da ake bi wajen zaɓe: yawan jama'a ne, ko kasuwa, ko kuwa garin da ke da ɗa a Yamai? Ku sa shirin da dare, lokacin da manoma suka dawo gida, don rediyo kam tana kamawa a garinmu.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga unguwar Zariya, Maradi